Allurar Sinawa a Ma'aunin Bincike: Inda Take Taimako da Inda Ba Ta Kaiwa

Ciwon baya da ciwon gwiwa da ciwon kai mai tafiya yana dawowa suna cikin abubuwan da suka fi kai mutanen Yamai asibiti, kuma suna cikin waɗanda asibiti ya fi kasa gamsar da masu su. Ɗan dako a kasuwar Katako, da ɗan kabu-kabun da ke wuni bisa babur, da ɗan ga-ruwa mai turin baro, da uwar gidan da ta shekara talatin tana daka da wanki a duƙe, duk sukan zo da kuka iri ɗaya, mu kuwa ma'aikatan jinya abin da ke hannunmu bai wuce farasitamol da ibufurofen da dikulofenak ba, sai shawarar motsa jiki wadda ba kowa ke ɗaukarta a matsayin magani ba. Idan waɗannan suka gaza, da yawa sukan koma wurin masu tallar magani a tire, daga nan kuma hanyar tramol ba ta da nisa. Saboda haka duk lokacin da mara lafiya ya tambaye ni ko ya je a yi masa allurar Sinawa, ba na ɗaukar tambayar da wasa, domin mutum ne da ciwo ya hana barci yake neman mafita, kuma ya cancanci amsar da aka gina kan abin da bincike ya tabbatar, ba kan abin da aka ji a bakin mutane ba.

Wannan hanyar jinya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Ƙasar Sin ta fara tura ayarin likitocinta Afirka a 1963, inda ta fara da Aljeriya, kuma tun 1976 lardin Guangxi ke turo nasa likitocin Nijar. Babban asibitin ƙwararru na Yamai da aka ƙaddamar a 2016 ma Sinawa ne suka gina shi. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana yi ya san cewa abin bai yi kama da allurar da muka saba ba. Ana ɓare ƙaramar takarda a fito da wani siririn ƙarfe wanda bai kai rabin kaurin allurar ɗinki ba, ba shi da rami a ciki, babu kuma ruwan magani ko ɗigo. Mai aikin yakan goge fata, ya dafa wurin da yatsa, ya kafa allurar da ɗan bugu guda, sannan ya murza ta kaɗan har mara lafiya ya ce yana jin nauyi ko tsami a wurin. Haka za a kafa goma ko fiye, a baya da ƙafa da hannu, wani lokaci nesa da inda ke ciwo, a bar mutum kwance minti 20 zuwa 30 kafin a cire.

Bayanin da masu wannan ilimi suka gada shi ne cewa akwai wani ƙarfin rai da suke kira ci, wanda ke gudana ta wasu hanyoyi a cikin jiki, cuta tana zuwa idan ya toshe ko ya karkace, allura kuma tana buɗe masa hanya idan aka kafa ta a daidai gurbinta. Tushen wannan bayani yana cikin littafin Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma gurabun da aka daidaita sunayensu a zamaninmu sun kai 361. Masu ilimin sassan jiki sun feɗe, sun duba da madubin ƙara girma da na'urorin hoto, ba su ga waɗannan hanyoyi ba kamar yadda ake ganin jijiyar jini ko jijiyar ji. Amma wannan shi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, domin magani yana iya yin aiki ko da bayanin da aka ba shi tun farko ba daidai ba ne. Ko a ƙasar Sin ɗin ma abin ya sha hawa da sauka: a 1822 sarkin lokacin ya hana koyar da shi a makarantar likitocin fada, sai a shekarun 1950 gwamnatin Mao ta sake ɗaga shi, a daidai lokacin da likitocin zamani suka yi wa jama'ar ƙasar ƙaranci ƙwarai. Turawa kuwa hankalinsu ya koma kansa ne a 1971, bayan da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya ba da labarin yadda aka yi masa tiyatar cire ƴar hanji a Beijin, aka kuma kafa masa allurai don rage ciwon cikin da ya biyo baya. Tiyatar kanta da maganin kashe zafi na asibiti aka yi ta, ko da yake mutane da yawa sun juya labarin daga baya.

Tambayar da ta dace ita ce yadda za a gane ko magani ne ya yi aiki, kuma a nan gizo ke saƙa. Mutum yana iya samun sauƙi bayan jinya saboda dalilai da dama waɗanda ba su da alaƙa da jinyar. Ciwon baya da ciwon kai suna da ranakun tsanani da ranakun lafawa, mutum kuma ba ya neman taimako sai ranar da abin ya kai masa iyaka, don haka duk abin da aka yi masa a ranar zai sami yabon sauƙin da dama yana tafe. Ga kuma sa rai: wanda aka karɓa da fara'a, aka saurari kukansa, aka taɓa wurin da ke ciwo, aka kwantar da shi rabin awa cikin natsuwa, jikinsa yana amsawa ko da babu wani sinadari da ya shiga cikinsa. Manomin da yake son sanin ko sabon taki na da amfani ba ya zuba shi a gonar gero duka sannan ya ce damina ta yi kyau saboda taki. Yakan raba gonar biyu, ya zuba a ɓangare ɗaya ya bar ɗaya, ruwan sama ɗaya, iri ɗaya, sannan ya ƙidaya damma a lokacin girbi. Haka masu bincike ke yi da marasa lafiya: su raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su maganin gaske, wasu a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, ba tare da sun san wanne aka ba su ba.

Da ƙwayar magani wannan abu ne mai sauƙi, tun da ana iya yin ƙwayar gari mai launi ɗaya da ta gaske. Da allura kuwa akwai wuya, domin mutum yana ji a jikinsa ko an soke shi ko ba a soke shi ba. Masu bincike sun bi hanyoyi da dama. Wasu sun kafa alluran a sama-sama, a wuraren da ba gurabun da littattafan Sinawa suka ambata ba. A 1998 wani likitan Jamus, Konrad Streitberger, ya fito da allura mai dakusasshen baki wadda idan aka danna ta sai ta shige cikin mariƙinta, mara lafiya ya ji tsini, ya ga kamar ta nutse, alhali ba ta huda fata ba. Duk da haka mai kafa allurar ya san wadda yake riƙe da ita, kuma saninsa na iya bayyana a fuskarsa da muryarsa, wannan kuwa rauni ne da ke cikin kusan duk binciken da aka yi a wannan fanni.

Wani babban gwaji da ya sauya tunanin likitoci an yi shi ne a Jamus a farkon shekarun 2000, kuma kamfanonin inshorar lafiya ne suka ɗauki nauyinsa, saboda suna son sanin ko abin da suke biya yana da amfani. A ɓangaren ciwon baya, wanda aka buga sakamakonsa a 2007, an ɗauki mutum 1,162 waɗanda a matsakaici sun shekara takwas suna fama, aka raba su kashi uku. Kashi na farko aka yi musu allurar Sinawa yadda ƙa'idarta ta tanada, na biyu aka kafa musu a sama-sama a wuraren da ba gurabu ba, na uku kuma aka ba su jinyar da aka saba, wato magunguna da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ta gaske sun sami sauƙi mai ma'ana, waɗanda aka yi wa ta kwaikwayo kashi 44.2, masu jinyar da aka saba kuwa kashi 27.4 kawai. A gwajin ciwon gwiwa, mai mutum 1,007, abin da aka samu kusan haka ne: kashi 53.1 da 51.0 da 29.1. A Amurka ma an sake gwadawa da mutum 638 masu ciwon baya, aka buga a 2009, inda a wani rukuni aka yi amfani da tsinken sakace a cikin ɗan bututu, ana danna shi a fata ba tare da hudawa ba, mara lafiya na kwance ruf da ciki ba ya gani. Bayan mako takwas, kimanin kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura, ta gaske ko ta tsinke, sun sami ci gaba a ayyukansu na yau da kullum, masu jinyar da aka saba kuwa kashi 39.

Waɗannan alƙaluma sun raba kan masana gida biyu, kuma kowane gida yana da abin riƙewa. Masu suka suka ce magana ta ƙare: idan tsinken sakace yana yin abin da allura ke yi, idan kuma gurbin da aka kafa ta bai dame ta ba, to abin da ke aiki shi ne sa rai da kulawa, ba ilimin gurabu ba. Suka ƙara da cewa waɗanda aka ba jinyar da aka saba mutane ne da suka riga suka gwada ta shekara da shekaru ba su ga biyan buƙata ba, sun shiga gwajin suna fatan sabon abu sai ƙuri'a ta mayar da su inda suka fito, don haka ba abin mamaki ba ne su ce ba su ji sauƙi ba. Masu goyon baya kuma suka ce allurar kwaikwayo ba fanko ba ce, domin taɓa fata da tsini yana tada jijiyoyin ji, kuma abin da ya dami mara lafiya shi ne ya tashi ya koma kasuwa, ba muhawarar masana ba. Hukumomin Jamus sun karkata ga magana ta biyu, suka amince a 2006 cewa inshora ta riƙa biyan kuɗin allurar ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa.

Aikin da na fi dogara da shi a wannan batu shi ne na masanin bincike Andrew Vickers da abokan aikinsa, waɗanda ba su tsaya ga karanta rahotanni ba, sai da suka karɓo bayanan kowane mara lafiya daga gwaje-gwajen da suka fi inganci suka sake lissafi. A 2012 sun haɗa gwaji 29 masu mutum 17,922, a 2018 kuma suka faɗaɗa zuwa gwaji 39 masu mutum 20,827, a kan ciwon baya da wuya da kafaɗa da gwiwa da daɗaɗɗen ciwon kai. Sun gano cewa allurar gaske ta fi ta kwaikwayo, amma da ɗan rata kaɗan, ta kuma fi rashin allura da rata mai matsakaicin girma, sannan sauƙin ba ya gushewa nan da nan, yawancinsa yana nan har bayan shekara guda. Sun kwatanta abin da cewa idan aka ɗauki raguwar ciwo da rabi a matsayin nasara, to cikin mutum 100 kimanin 30 za su samu ba tare da allura ba, kimanin 42 da allurar kwaikwayo, 50 da ta gaske. A ganina wannan shi ne hoton da ya fi kusa da gaskiya. Akwai amfani, ba a iya musunsa, amma babban rabonsa yana fitowa ne daga zaman jinyar gaba ɗaya, ƙaramin rabo ne ya rage wa hudawar kanta, kuma har wannan ƙaramin rabon wasu na ganin yana iya zama sakamakon mai allurar da ya san abin da ke hannunsa.

A ciwon ɓarin kai shaidar tana da ɗan ƙarfi. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, ta fitar a 2016, wadda ta tattara gwaji 22 masu mutum 4,985, ta nuna cewa yawan tashin ciwon ya ragu da rabi ga kashi 50 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske, da kashi 41 na masu ta kwaikwayo, kuma idan aka gwada ta da ƙwayoyin rigakafin ciwon ba ta gaza su ba, ga ƙarancin illa. Haka nan akwai shaida, ko da yake ba ta kai wannan ƙarfi ba, cewa tada wani gurbi da ke cikin hannu, kusa da wuyan hannu, yana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata.

Wani ƙaramin gwaji da aka yi a jami'ar Harvard, aka buga a 2011, shi ne nake so kowane ma'aikacin lafiya a ƙasar nan ya sani, domin ya raba abu biyu da mu da marasa lafiyarmu muke yawan haɗawa. An ɗauki masu ciwon asma, kowannensu a ranaku daban-daban aka ba shi abin shaƙa mai magani na gaske, ko abin shaƙa marar magani, ko allurar kwaikwayo, ko kuma a bar shi zaune ba a yi masa komai ba. Da aka tambaye su yadda suka ji, sun ce sun sami sauƙin kashi 50 cikin 100 da maganin gaske, kashi 45 da abin shaƙa marar magani, kashi 46 da allurar kwaikwayo, kashi 21 da zama kawai. Amma da aka sa suka hura a na'urar auna numfashi, maganin gaske ne kaɗai ya buɗe huhu sosai, da kimanin kashi 20 cikin 100, sauran ukun duk kimanin kashi 7 ne kawai. Wato mutum yana iya rantsuwa cewa ya ji daɗi, kuma gaskiya ya faɗa, alhali hanyoyin iskarsa na nan a matse. Idan ciwo shi ne cutar kanta, kamar daɗaɗɗen ciwon bayan da aka bincika ba a ga wata ɓarna a ƙarƙashinsa ba, to jin sauƙi shi ne abin da ake nema. Idan kuwa akwai wata ɓarna da ke ci gaba a huhu ko ƙoda ko jini, jin sauƙi yana iya zama abin da zai sa mutum ya ajiye maganin da ke riƙe da ransa.

Abin da aka sani game da yadda allurar ke aiki a jiki ya dace da wannan rabuwa. Tun shekarun 1970 bincike ya nuna cewa suka da allura yana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, waɗanda ake kira endofin, kuma idan aka ba mutum maganin nalokson mai toshe aikinsu, rage zafin yakan ragu. Sai dai a 1978 an nuna cewa nalokson yana toshe sauƙin da mutum ke samu daga maganin kwaikwayo ma. Hanyoyin ji da ƙwaƙwalwa ke nan allurar ke taɓawa, ba tushen kowace cuta ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga allon talla ko saƙon WhatsApp da ke cewa allurar Sinawa tana warkar da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa da shanyewar ɓarin jiki. Batun haihuwa ya fi ci mini rai, saboda na san irin matsin da mace ke shiga a gidan miji idan ta shekara biyu ko uku shiru, da yadda takan sayar da ɗan abin da ta mallaka ta bi duk wanda ya ce yana da magani. An gwada wannan da kyau. A Ostareliya da Niyu Zilan an ɗauki mata 848 da ake haɗa musu ƙwan haihuwa a ɗakin gwaji ana dasawa a mahaifa, aka buga sakamakon a 2018: kashi 18.3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun haihu, kashi 17.8 na masu ta kwaikwayo, wato babu bambanci. A ƙasar Sin kanta an gwada mata 1,000 masu matsalar da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, aka buga a 2017: masu allurar gaske kashi 21.8 suka haihu, masu ta kwaikwayo kashi 22.4, amma ƙwayar kulomifen, wadda ake samu a kantunan maganinmu da takardar likita, ta ɗaga haihuwa daga kashi 15.4 zuwa 28.7. A barin shan taba, bitar Cochrane ba ta sami tabbatacciyar shaidar amfani mai ɗorewa ba. A shanyewar ɓarin jiki an yi gwaje-gwaje da yawa, amma mafi yawansu ƙanana ne masu raunin tsari, ba su isa a ce allura ta maye gurbin gashi da koyon tafiya da shan maganin hawan jini ba.

Dole a faɗi wani abu game da inda rahotanni ke fitowa. A 1998 Vickers ɗin nan da abokansa sun duba gwaje-gwajen da aka buga, suka tarar cewa duk waɗanda suka fito daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan sun ce allurar ta yi aiki, babu ko ɗaya da ya ce ta gaza. Babu maganin da ke cin kowace jarrabawa, don haka abin da wannan ke nunawa shi ne waɗanda ba su ba da sakamakon da ake so ba ba su kai ga bugawa ba. Ba na faɗin haka don rage darajar ilimin Sinawa. Gwajin 2017 da na ambata masanan Sin ne suka yi shi, suka kuma buga shi duk da bai goyi bayan allurar ba. Maganin atemisinin da muke ba yaranmu idan zazzaɓin cizon sauro ya kama su ma daga wani ganye na tsohon ilimin Sinawa aka ciro shi, aikin da ya sa masaniyar Sin Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015, kuma duniya ta karɓe shi ne saboda an gwada shi an ga ƙwayar cutar na ɓacewa daga jini.

Hukumomin da ke tsara wa likitoci ƙa'ida ma ba su yi baki ɗaya ba, ko da yake shaida ɗaya suke kallo. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ce a 2016 kada a yi allurar don ciwon baya, a 2022 ta faɗi haka kan ciwon gaɓoɓi na zaizayar guringuntsi, amma a 2021 ta yarda a gwada zango ɗaya ga mai daɗaɗɗen ciwon da ba a gano masa wani sanadi ba. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa ta a 2017 cikin abubuwan da za a fara gwadawa don ciwon baya kafin ƙwaya, kuma ƙasar tana cikin bala'in ƙwayoyin kashe zafi masu kama jiki a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta Disamba 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce ana iya bayarwa a cikin sauran hanyoyin jinya, tare da bayyana cewa shaidar ba mai ƙarfi ba ce. Bambancin ya samo asali ne daga abin da kowa ya gwada ta da shi: mai gwada ta da allurar kwaikwayo yana ganin ƙaramar riba, mai gwada ta da ƙwayoyin da ke huda ciki su lalata ƙoda ko su kama mutum yana ganin riba babba.

Mu a nan, kwatanta ta da ƙwayoyin ne ya fi kusa da halinmu, shi ya sa ba na hana mai daɗaɗɗen ciwo zuwa. Wata gwaggona da gwiwa ta hana ta sujada, har ta koma yin salla bisa kujera, ta daɗe tana shan dikulofenak safe da yamma duk da tana da hawan jini. Da ƴaƴanta suka kawo maganar allurar, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, allurar da babu ruwan magani a cikinta, me za ta yi wa ƙashin da ya riga ya cinye?" Na ce mata, "Gwaggo, ƙashin ba za ta mayar da shi ba, wannan gaskiya kika faɗa. Abin da ake fata shi ne zafin ya ragu har ki rage waɗannan ƙwayoyi, ki kuma iya takawa zuwa gidan maƙwabta, amma maganin hawan jininki ko kwana ɗaya kada ki ajiye shi." Wannan ita ce iyakar alkawarin da bincike ya ba ni damar yi mata, kuma ban ƙara komai a kai ba.

Akwai sharaɗi da ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da a Jamus ko Amurka. Mutanen da aka sa a waɗancan gwaje-gwaje sai da likita ya tace su, ya fitar da duk wanda ciwonsa ke da wani mugun sanadi. A ƙasar nan ciwon baya yana iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, ko tashin sikila, ko cutar ƙoda, ko ciwon daji da ya bazu. Wanda ciwonsa ya zo da zazzaɓi ko rama ko gumin dare, ko ƙafafunsa suka fara mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace masa, ko ƙusumbi ya fara fitowa a bayansa, ba allura yake buƙata ba, hoto da gwajin jini yake buƙata, kuma cikin gaggawa, domin tarin fuka na ƙashin baya yana warkewa da magani idan an kama shi da wuri, yana kuma gurgunta mutum idan aka yi sakaci.

Game da haɗari, a hannun wanda ya koya allurar tana da sauƙin illa. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230 ya sami kashi 8.6 cikin 100 da suka ba da rahoton wata illa, mafi yawa ɗan jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, mutum biyu kuma allura ta huda musu rufin huhu. Amma a can kowace allura sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya, kuma an sha samun ɓarkewarsa a wasu ƙasashe ta hanyar alluran da aka maimaita. Don haka mara lafiya yana da haƙƙin ya ga an ɓare takardar allura a gabansa, ya ga an jefa ta a kwalin ƙarafa masu tsini bayan an gama, ya kuma faɗa tun farko idan yana shan maganin tsinka jini, ko mace idan tana da juna biyu. Wannan ƙa'ida ta hau kan wanzamanmu ma, da askarsu da ƙahonsu da tsagarsu, waɗanda mutanenmu da yawa ke zuwa wurinsu da ciwon baya.

Sai batun kuɗi da lokaci, wanda ga mai cin abincin yau da aikin yau ba ƙaramin abu ba ne, tun da kowane zuwa yana cin kuɗin mota da rabin wuni. A gwajin Jamus zama goma aka tsara, sau biyu a mako. Inshorar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, da ta fara biya a 2020 don daɗaɗɗen ciwon baya, ta ƙayyade zama 12 cikin kwana 90, ana ƙara takwas ga wanda ya nuna ci gaba, a dakatar ga wanda bai nuna ba. Irin wannan iyaka nake ba marasa lafiya shawarar su sa wa kansu: kafin a fara, mutum ya zaɓi abu ɗaya da ciwon ya hana shi, ko ruku'u ne, ko ɗaukar bokiti, ko barcin dare ba tare da farkawa ba, idan aka kai zama goma abin bai motsa ba ya tsaya, kada ya bari a ce masa sai ya ƙara wata uku.

Manyan gwaje-gwajen da na ambata duk a Turai da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan da Sin aka yi su, a kan mutanen da aikinsu da abincinsu da abin da suke tsammani daga allura suka bambanta da namu. Muna da tsangayar ilimin lafiya a jami'ar Abdou Moumouni, muna da ɗaliban likitanci da ke neman batun kundin kammala karatu kowace shekara, muna kuma da marasa lafiyar da ake kafa wa alluran nan a cikin birnin nan. Abin da ake buƙata don farawa bai wuce rajista mai tsari ba: a rubuta irin ciwon da gwajin da aka yi kafin a fara, a auna zafin da ma'auni ɗaya a ranar farko da bayan wata uku da bayan wata shida, a rubuta yawan ƙwayoyin da mutum ke sha kafin da bayan, a kuma bi sawun waɗanda suka daina zuwa a ji dalilinsu, domin su ne rahotanni suka fi mantawa da su. Daga nan ne za a iya tsara gwaji na ƙuri'a wanda zai gwada allurar da gashi da motsa jiki a kan ƴan dako da matan gida na Yamai, a ga ko tana rage yawan masu komawa ga tramol.